"Ba" Biyu da Na Yanke Daga Muryar Isufu

Ni haifaffen Birni ne, cikin Damagaram, a wani lungu mai yashi wanda mota ba ta shiga. Ba zan faɗi sunana ba, domin ina da ƙanne mata da ke zaune lafiya a gidajen mazansu, kuma kunyar da suka sha a kaina ta isa. Mahaifina baduku ne, yana ɗinka jakunkuna da kuben wuƙa a zauren gidanmu. Ya rasu ina shekarar farko a kwaleji, daga nan na bar lakwal, wato makaranta. Abin da na iya na rubutu shi ne wannan da kuke gani. Ina rubuta shi ne don ku samari da 'yan mata da kuka tashi da salula a hannu.

Da i'ina aka haife ni. In na ɗauko kalma sai ta tsaya mini a maƙogwaro, mai saurare ya gaji ya ƙarasa mini, sau da yawa ba da abin da nake nufi ba. Sai na koyi yin shiru. Yaran unguwa suka sa mini suna Rediyo, don ba na magana. Ban taɓa faɗa da kowa a kan sunan ba, ban kuma yi aboki ba.

Mahaifiyata ta kai ni Zango wurin wani mai gyaran salula, Maigida Lawali, ta ce ya riƙe ni amana. Aikin ya dace da ni, domin salula ba ta gajiya da jiran mutum. Na koyi canza gilashi, da gyaran wurin caji, da zuba wa mutane karatu da waƙoƙi a katin memwar. Na kuma iya yanke waƙa a wata 'yar manhaja ta kyauta, in fitar da wurin da ya fi daɗi ya zama kiɗan kira. Lokacin nan ne kowa yake barin salula mai maɓalli yana komawa mai shafawa, kuma saƙon murya, wanda muke ce wa bokal, ya shiga ko'ina. Wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba ya samu bakin aika saƙo. Tsofaffi su zo su miƙo salula su faɗa mana kod ɗinsu da ƙarfi, kamar suna faɗin sunan unguwarsu.

Maigida ya sha gaya mini, "Yaro, wanda ya ba ka salularsa ɗakinsa ya buɗe maka. Ka gyara abin da ya lalace, ka fito."

In an gyara lasifika dole a gwada ta. Maigida karatu yake kunnawa. Ni wata rana, yana masallaci, sai na danna wani bokal da na gani a salular wani direba. Matarsa ce take gaya masa cewa yaronsu ya yi haƙori, ya ciji kakarsa a yatsa. Tana magana tana dariya. Lasifikar ta gyaru tun kalmar farko, amma na saurara har ƙarshe. Na sake kunnawa. A lokacin ni ma ina da salula, amma babu mai aiko mini da bokal, don kowa ya san amsar za ta daɗe.

Daga nan na sayi abin kunne. Duk salular da aka kawo sai na shiga na ji. Wadda ta yi mini daɗi in kwafe ta a katina. Ban ɗauki wannan sata ba, tunda mai abu bai rasa komai ba. A gida ma da abin a kunnena nake cin tuwo. Mahaifiyata ta yi ta magana, in ga bakinta yana motsi. Wani lokaci ta taɓa gwiwata ta ce, "Cire igiyar nan ka ji ni." In cire ɗaya in bar ɗaya.

Sai Bashari ya shigo. Tsohon ɗan kabu-kabu ne da ya koma dillancin salula ta hannu. Yana kawo wayoyi a wanke masa su, wato a goge duk abin da ke ciki su koma kamar sabbi. Maigida ya kore shi tun zuwansa na biyu, ya ce salular da mai ita bai san kod ɗinta ba ba tasa ba ce. Sai Bashari ya riƙa zuwa in Maigida ya tafi Kano sayen kaya.

"Rediyo, sarkin masu magana," in ji shi, "wanke mini wannan. Ba na son mai surutu, shi ya sa na zo wurinka."

Shi ne mutum na farko da ya taɓa zama ya jira in gama magana. Daga baya na gane ba saurare yake yi ba, haƙuri ne na mai buƙata. Na wanke masa wayoyi da yawa ban tambayi inda suka fito ba.

Wata kaka, bayan an gama girbi, ya kawo wata salula gilashinta a fashe, yashi ya cika ramukanta. Ya ce daga wurin haƙar zinariya ta fito, can arewa bayan Agadas. Na ce mai ita fa? Ya ce, "Mai ita ba zai zo nema ba." Na gane abin da yake nufi.

Na sa mata sabon gilashi. Babu kod a kanta, layin yana ciki, sai dai kuɗin intanet ya ƙare. Mai ita sunansa Isufu, manomi ne daga wani ƙauye a ƙasar Dakusa. Duk hirarsa da lamba ɗaya ce, ta kawunsa Ma'azu mai shago a ƙauyen, wanda shi kaɗai ke da salula mai shafawa a danginsu. Ta nan yake gaisawa da mahaifiyarsa, yana ce mata Inna, da matarsa Habsu, wadda yake kira Uwar Sa'a saboda 'yarsu. Muryarsa a hankali take, yana dariya ta hanci. Yana tambayar gero, yana tambayar akuya, yana tsokanar Habsu cewa taliyar da suke ci a daji ta fi tuwonta. Na kasa wanke salular. Kwana da kwanaki ina jin sa.

A can ƙasa akwai wani bokal da ɗan agogon nan a gefensa, alamar bai tafi ba. Na kunna. Muryar ta yi ƙasa, tari yana katse ta. Wasiyya ce. Yana gaya wa Inna ba zai dawo ba, yana neman gafararta, yana sallamar matarsa kada ta zauna jiransa. Ya danna aikawa a inda babu rezo, wato sabis ɗin waya, ya mutu saƙon yana jira.

Ku lura da wannan wurin. Abin da ya rage kawai shi ne in sa wa layin ɗan kuɗin intanet, saƙon ya tafi da kansa. Ko danna shi ba sai na yi ba. Na yi niyya. Ina cikin niyyar Bashari ya zo, ya zare abin kunnen daga kunnena ya sa a nasa. Ya saurara, ya yi ta gyaɗa kai.

"Wannan ba salula ba ce, gona ce," ya ce. "Kai da kake yanke wa 'yan mata waƙa, ba ka iya yanke magana ba?"

Na ce masa mutumin ya mutu. Kalmar ta daɗe kafin ta fito.

"To mu muka kashe shi? Su ji muryarsa su ji daɗi, mu kuma mu sha shayi. Wa aka cuta?"

Na kwafe wasiyyar a katina, na cire ta daga layin tafiya. Na buɗe ta a manhajar yanke waƙa. A nan magana tana fitowa kamar kunya-kunyar gona, kowace kalma da tudunta. Inda Isufu ya ce, "Ina gani ba zan dawo ba," akwai ɗan ƙaramin tudu a gaba da wani a baya. Na sa yatsa na share na farko, na share na biyu. Na kunna. Ya ce, "Inna, ni ne Isufu. Ina gani zan dawo." Bashari ya buga cinyata ya ce wallahi ni injiniya ne. Na ƙara da wani guntu daga tsohon saƙo, inda yake cewa rezo babu kyau, kada su kira, su bar bokal.

Da muka sa kuɗin intanet, saƙonnin da suka taru suka zubo. Kuka ne. Wani abokin aikinsa ya riga ya koma ƙauyen ya faɗa musu an binne shi. An yi zaman makoki, Habsu ta shiga takaba. Na ji Inna tana cewa, "An ce ka rasu, Isufu. In ƙarya ne ka yi magana." Na ji duk wannan da kunnena, sannan na aika abin da na haɗa.

Amsa ta zo da guɗa. Gida ya cika da mutane, kowa yana fizgar salular Kawu Ma'azu. Habsu tana kuka tana dariya ta ce, "Ashe kana can kana cin taliyarka, ni ka sa ni na zauna da zane ɗaya babu kitso. To na cire, na yi wanka, ka ji ko, mutumin banza." Inna ta karɓa ta ce, "Mun ci gumbar ukunka, mun ci ta bakwai. Sai ka zo ka biya mu geronmu." Daga baya murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Na ji muryarka ta yi sanyi. Ka nemi magani."

Wanda ya kawo labarin mutuwar kuwa suka ce maƙaryaci ne. Har gaisuwa aka daina yi da gidansu.

Akwai wani tsohon saƙo da Isufu ya taɓa neman kuɗin mota. Da shi muka yi aiki. Bashari ya yi bokal da muryarsa ya ce shi abokin Isufu ne a Damagaram, a aiko ta gidan aika kuɗi, za a ba direban da ke zuwa arewa. Sunana ya ba su, don wai katin shaidarsa ya ɓata. Ni nake zuwa in nuna katina in karɓa. Suka sayar da akuya. Suka taɓa rumbu. Kowane karo sai mu ce motar ta lalace ko hanya ta rufe. Da abin ya fara ƙanƙancewa, Bashari ya ce gonar ta tsufa, ya ɗauke ƙafa. Ban sake ganin sa ba har yau.

Nan ne ya kamata in daina, kuma nan ne abin da ya fi ba ni kunya. Na ci gaba ni kaɗai, ba tare da neman ko dala ba. Na gaya wa kaina cewa in na yi shiru na kashe musu shi karo na biyu. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce duka ba. Bayan la'asar, in Maigida ya tashi, sai in kunna salular in tarar an aiko. Inna tana ba da labarin ƙafarta. Sa'a tana cewa, "Baba, kaza ta ƙyanƙyashe, ɗaya baƙi ne." Habsu tana jira kowa ya fita daga shagon kawu sannan ta yi magana da wata murya da ba ta kowa ba ce sai ta mijinta. Ina ji ina amsawa a zuciyata. Tunda nake ba a taɓa jira na haka ba, ko da yake ba ni ake jira ba.

Duk sanyin shekarar haka na yi. Amma maganar mamaci tana da iyaka. Kalmomin Isufu suka fara ƙarewa, ina juya waɗanda na riga na aika. Bazara ta shigo, zafi ya yi tsanani, famfunan unguwarmu suka bushe, 'yan ga-ruwa suna layi tun safe. Na nemi gaisuwar da ban taɓa amfani da ita ba, na samu ɗaya mai kyau, muryarsa garau: "Inna, ina kwana, yaya ruwa?" Ni ɗan birni ne, ɗan baduku, ban taɓa riƙe hauya ba. A Damagaram kuma kullum ana tambayar ruwa, ko ya zo unguwarku ko bai zo ba. Kunnena bai ji wani aibi ba. Na manta cewa wannan gaisuwar damina ce, manomi ba ya yin ta sai sama ta zubo.

Amsar ta daɗe. Sannan Inna ta ce, "Wane ruwa, Isufu? Mu nan ƙasa ta toye, ko sassabe ba a gama ba. Kai da kake duba sama ka faɗa mana ranar shuka." Ta ƙara da cewa, "Wannan gaisuwar na taɓa jin ta, bara, har da kukan jakin da ke bayanka. Ko wane ne kai, ba kuɗin nake tambaya ba. Ka gaya mini, ɗana yana da rai?"

Amsarta tana cikin katina, da muryar ɗanta, cikakkiya. Allah ya sake buɗe mini ƙofar da na rufe. Na zauna da katin a tafin hannuna har aka kira magariba. Tsoro ya rinjaye ni. Na wanke salular tas, na karya layin, na jefa katin cikin garwashin mai shayi na kusa da mu, na tsaya har ya narke. Na ɗauka na ɓatar da shaida. Abin da na ƙone shi ne maganar ƙarshe da wani bawan Allah ya bar wa uwarsa.

Shaida kuwa tana gidan aika kuɗi, da sunana da hotona. Jandarma suka zo da hantsi, Kawu Ma'azu yana bayansu. Dogon mutum ne mai furfura. Ya dube ni ya ce, "Wannan ɗan yaron?" Maigida bai yi faɗa ba. Ya ce in ajiye masa kayan aikinsa a kan tebur kafin in fita, ya juya ya ci gaba da gyaran da yake yi.

A gaban alƙali ban yi musu ba. Aka tambaye ni ko na san mutumin ya mutu, na ce na sani. Babu wanda ya san da wasiyyar, babu wanda ya tambaya, ni kuma ban faɗa ba. A nan na ji Kawu Ma'azu yana bayani cewa an sake zaman makoki amma mutane kaɗan suka zo, don ba su san me za su ce ba. Malamai sun ce kwanakin takabar Habsu sun riga sun cika tuntuni. Ita ta ce ba ta yi ba, ta sake kwance kitsonta ta zauna.

Aka kai ni kaso. Ɗaki cike da mutane, amma ban taɓa zama ni kaɗai kamar a nan ba. Babu salula, babu abin kunne. Da kunnuwana suka zama fanko sai muryar Isufu ta dawo ta zauna a ciki. Na ji wasiyyar nan sau da yawa lokacin da nake yanke ta, har na haddace inda yake tari. Ina wanki tana tafiya, ina salla tana tafiya.

Mahaifiyata tana kawo mini abinci da ƙafarta tun daga Birni. Ba ta taɓa tambaya ta dalili ba. Daga baya ƙanwata ta karɓi kawowa, ta ce jikin tsohuwa ne. Wata damina ƙanwar tawa ta zo babu kwano a hannunta. Ta zauna ta ce, "Yaya, sai haƙuri. Jiya aka kai ta." Ban yi kuka a gabanta ba. Na tuna na tara muryoyin mutanen gari a kati, amma ta uwata ko gaisuwa ɗaya ban taɓa ɗauka ba. Ƙanwata ta goge fuska ta ce, "Ta bar maka magana, ta ce in faɗa maka yadda ta faɗa. Ta ce ta yafe maka duniya da lahira. Ta ce kuma ka riƙa cin abinci da zafinsa, ka daina bari ya huce."

Da wannan maganar na rayu sauran zamana. Kuma a ranar na san girman abin da na riƙe. Ƙanwata ta ratso gari cikin ruwan sama don ta kawo mini saƙon mamaci ba ta rage ko kalma ba. Ni kuwa an ba ni irinsa, na datse shi na yi ciniki da shi.

Da aka sake ni, na kwana biyu a gida, na ziyarci kabarinta. Sannan na shiga motar kasuwa zuwa ƙasar Dakusa, na ƙarasa da kabu-kabu. Lokacin cirar gyaɗa ne. Na tambayi shagon Ma'azu aka nuna mini. Ya gane ni tun kafin in yi sallama.

"Me ya rage ba ka ɗauka ba?" ya ce.

Na ce saƙo na kawo. Na yi masa bayani, ya bar ni na gama duk da daɗewar da na yi. Ya ce Habsu har yanzu tana gidan. Masu neman aure sun zo, na kirki, ta mayar da su. Tana cewa sau biyu aka ce mata ya mutu, sau ɗaya ya dawo, ita ba ta ga kabari ba, kuma wanda ya dawo sau ɗaya zai iya sake dawowa. "Kai ka dasa mata wannan," in ji shi. "Tashi mu je. In an jefe ka ba zan tare ba."

Inna tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ƙaramar tsohuwa ce, ban zaci haka ba, don muryarta ta fi jikinta. Idonta ya yi rauni. Bayan danga ana daka. Kawu ya ce mata ga yaron nan na Damagaram. Hannunta ya tsaya. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta, ba ta amsa ba.

Na ce, "Inna, ɗanki ya bar miki magana kafin ya rasu. Na ƙone ta, amma tana kaina."

"Ta yaya zan san wannan ma ba haɗa ta ka yi ba?"

Na ce ba ni da shaida. Ta ce, "To faɗi."

Bakina ya sarƙe yadda ya saba, ta jira. Na faɗa kamar yadda ya faɗa:

"Inna, ni ne Isufu. Tarin nan ya kai ni ƙasa. Ina gani ba zan dawo ba. Ki yafe mini fitar da na yi ban sallame ki ba. Na san kin ce kada in tafi. Amma na ga ƙullin ƙuli-ƙulin da kika rataye mini a ƙyauren zaure, cikin tsumman zanenki mai ja. Na ɗauka ban ce na gode ba. Ya kai ni har Agadas. Uwar Sa'a, kada ki zauna jira na. In kin fita takaba, mutumin kirki ya zo, ki yi aurenki, na yarda. Sai dai ki bar Sa'a ta riƙa kwana wurin Inna, tsohuwar ba ta iya barci ita kaɗai ko da yake ba za ta faɗa ba. Shi ke nan. Caji ya kusa ƙarewa."

Dakan da ake yi bayan danga ya tsaya tun tsakiyar maganar.

Inna ta ce wa Kawu, ba ni ba, "Ƙullin nan ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da ban gan shi da safe ba, na ɗauka kare ne ya ja." Ta share gyaɗar da ke cinyarta. Ta ce mini, "Sake faɗin wurin can, da ƙarfi, Habsu ta ji."

Na san wurin da take nufi. Na ɗaga murya na ce, "Ba zan dawo ba."

Babu wanda ya yi kururuwa. Na ji an jingine taɓarya, na ji an shiga ɗaki. Inna ta ɗaga hannu ta yi wa ɗanta addu'a, ta ce ta yafe masa. Sannan ta juyo inda take jin numfashina ta ce, "Nawa na yafe maka, don yau ban iya ware wanda zan yafe wa da wanda zan bari. Amma na Habsu ba nawa ba ne."

Na jira. Can daga cikin ɗaki muryar da na sani sarai ta ce, "Kawu, ku ce masa ya kama hanya tun da rana, mota ba ta daɗewa a kasuwa." Iyakar abin da ta ce ke nan. Na tashi.

Yanzu ina zauren mahaifina ina ɗinkin fata wurin ƙanensa. Ba na taɓa salular kowa. Tawa mai maɓalli ce, takan yi kwanaki ba ta yi ƙara ba. Kwanan baya wani saurayi ya zo karɓar jaka, ya nuna mini wata sabuwar manhaja. Ka ba ta guntun muryar mutum, ka rubuta abin da kake so, ta faɗa da muryarsa. Ya sa ta kwaikwayi babansa yana rera waƙa, abokansa suna ta dariya. Abin da nake ɓata yini ina yankewa yanzu ba ya buƙatar yanka, kuma kalmominta ba sa ƙarewa. Na ba shi jakarsa, na kasa ce masa komai. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

'Yan'uwana, ban fara da sata ba. Na fara da jin abin da ba ni aka aiko wa ba. In salular wani ta shigo hannunku, ku yi abin da aka ba ku ita dominsa ku mayar. In kuka ji muryar ɗan'uwanku daga nesa yana neman kuɗi, kada kunya ta hana ku tambayarsa abin da daga ku sai shi kuka sani. In kaɗaici ya dame ku, ku je ku zauna da mutum mai rai ko da ba za ku iya cewa komai ba. Wanda ya zo yana yaba hannunku a kan abin da ba za ku iya yi a gaban maigidanku ba, ba abokinku ba ne. Saƙon da aka ba ku kuwa ku kai shi yadda yake, ko da zai sa a yi kuka.

Na ji daga wani mai kawo mana fata cewa an ɗaura wa Habsu aure bayan girbin da ya biyo, a ƙauyen da ke kusa da nasu, kuma Sa'a tana wurin kakarta. Na yi hamdala. Ba ta aiko mini da yafiya ba, ni ma ban aika in tambaya ba, don ba ni da hurumin matsa mata. Shekarun da ta zauna tana sauraren ƙofa suna kaina. Kaso bai biya su ba, tuba ma bai ɗauke su ba sai in ita ta ce. Ina roƙon Allah ya sanyaya zuciyarta kafin ɗayanmu ya mutu. In bai yiwu ba, da wannan kayan zan tashi. Ku kada ku ɗauki irinsa.